Hutu a Ingila: Darasi Ga Wanda Bai Taɓa Shiga Jirgin Sama Ba

Kwanan baya wani dattijo daga cikin 'yan ajinmu ya zo da takarda a hannu, fuskarsa ba walwala. Muka ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Lafiya, amma ba lau ba. Yaron nan nawa da ke aikin jinya a Landan shi ya aiko, wai in je ni da uwarsa mu huta wata guda a wurinsa, mu ga jikoki. Ya ce shi zai biya kuɗin jirgi. To, Malam, ni tun da aka haife ni iyakata Kaduna. Yau kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba."

Muka tambaye shi abin da yake tsoro. Ya shiga ƙidayawa da yatsu: jirgi, da ɓata hanya, da rashin Turanci, da sanyi, da abinci. Bai ambaci takardu ba, bai kuma ambaci kaya ba. To, ga abin mamaki. Abubuwan da ya ƙidaya su ne masu sauƙi. Waɗanda bai ƙidaya ba kuwa su ne ke ɓata wa mutane tafiya. Saboda haka muka ga ya kamata mu shirya wannan darasi, gama ba shi kaɗai ne irin wannan takarda za ta zo wa ba.

Da fari ku sani hanyar nan ba sabuwa ba ce. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka je tare. A 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, Malam Abubakar Imam ya je, ya komo ya rubuta labarin tafiyarsa a littafin nan Tafiya Mabuɗin Ilmi. A zamanin da, mai zuwa Ingila sai ya shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko, wajen mil 700 daga Kano, sa'an nan ya yi kusan mako biyu bisa teku. Yau daga Abuja zuwa Landan kusan mil 3,000 ne, jirgin sama kuwa yana cinye su cikin awa shida da rabi ko bakwai. Watau mai zuwa Maiduguri a mota daga Kano, in ya tashi tare da mai zuwa Landan, yana iya tarar da shi ya riga shi sauka.

Batun jirgi

Ba za mu ruɗe ku mu ce jirgi ba ya faɗuwa ba. Manya sun tuna jirgin alhazai da ya yi haɗari a filin Kano a watan Janairu na 1973, mutum 176 suka rasu. Mutanen Gwammaja kuma ba su manta da wanda ya faɗo musu a unguwa a watan Mayu na 2002 ba. Allah ya jiƙansu. Amma ku lura da wani abu. Mun tuna waɗannan har da shekarunsu domin ba kullum suke aukuwa ba. Wa zai iya ƙidaya mana haɗarin mota na bara kaɗai?

Ga lissafi. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wadda ake kira IATA, ta ƙidaya tashin jirage fiye da miliyan 37 a shekarar 2023. A cikinsu duka guda ɗaya ne ya yi haɗarin da aka rasa rayuka, a ƙasar Nefal. A wannan shekara kuwa mutum fiye da 5,000 suka mutu a kan hanyoyin mota na Nijeriya. Da muka karanta wa Baba wannan, sai muka ce masa, in akwai inda ya kamata ya riƙe zuciyarsa, to, tsakanin gidansa da filin jirgi ne.

Ya ce, "To, in injin ya mutu fa? A sama babu gefen hanya." Aji ya fashe da dariya, amma tambayar mai kyau ce. Manyan jiragen fasinja suna da inji biyu ko huɗu, kuma an ƙera su yadda ko inji ɗaya ya mutu, jirgin zai iya ci gaba da tafiya har ya kai wani fili ya sauka. Matuƙa kuma aƙalla biyu ne, kowanne yana iya saukar da jirgin shi kaɗai. A ƙasa akwai ma'aikata masu magana da su ta rediyo, suna miƙa su daga wannan ƙasa zuwa waccan, har su isa.

Abin da ya fi tsorata baƙon jirgi shi ne ƙara da motsin da bai san dalilinsu ba. Bari mu bi su ɗaya ɗaya. Sa'ad da jirgi zai tashi, injin zai yi ruri, jirgin ya zura da gudu, ku ji kamar an danna ku jikin kujera. Jim kaɗan bayan ya ɗaga sai ku ji gum a ƙarƙashinku. Tayoyi ne aka naɗe aka rufe. Can kuma sai ƙarar injin ta ragu, zuciya ta ce inji ya mutu. Bai mutu ba, matuƙi ne ya sassauta, kamar yadda direba ke yi in ya gama hawan tudu. Haka kuma wajen sauka za ku sake jin gum, an fito da tayoyin ke nan.

Jirgin zai hau har wajen ƙafa 35,000, yana gudun mil 500 da wani abu a awa, amma ku da ke ciki ba za ku ji gudun ba. Ruwa a kofi ma ba ya zuba. Wani lokaci sai jirgi ya shiga girgiza. Wannan ita ake kira gargada. Iska ma tana da tudu da kwari kamar hanyar ƙauye, jirgin kuwa an yi shi domin ya jure abin da ya fi haka nesa. Wanda gargada ke ji wa rauni shi ne wanda bai ɗaura bel ɗin kujera ba. Saboda haka muddin kuna zaune, ku bar bel a ɗaure, ko da fitilarsa ta mutu.

Kunne zai toshe wajen tashi, ya fi kuma toshewa wajen sauka. Dalili, nauyin iskar da ke cikin jirgi yana sauyawa. A sama ana riƙe ta kamar iskar kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, watau ya ɗara tudun Jos, wanda yake wajen ƙafa 4,000. Maganin toshewar kunne shi ne haɗiye yawu, ko hamma, ko tsotson alewa. Jariri a ba shi mama. Mai ciwon zuciya, ko mai numfashi da ƙyar, ko mace mai tsohon ciki, lalle su ga likita kafin a sayi tikiti.

Batun takardu

To, yanzu mun zo inda ake tuntuɓe.

Takarda ta fari ita ce fasfo. Hukumar shige da fice ke ba da shi, sai kuwa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Akwai na shekara 5, akwai na shekara 10. Da an miƙo muku shi, kada ku tashi sai kun karanta sunanku da ranar haihuwarku harafi harafi. In fasfo ya ce Muhammad, tikiti ya ce Mohammed, ana iya tsayar da ku a fili. Yadda aka rubuta a fasfo, haka za a rubuta a kowace takarda. Ku duba ranar ƙarewarsa kuma, domin ƙasashe da yawa ba su karɓar fasfon da bai da sauran wata shida.

Ta biyu ita ce biza, watau iznin shiga ƙasar mutane. Bizar baƙo ta Ingila tana ba mutum damar zama har wata shida, amma ba ta ba shi damar yin aiki. Ana nemanta ta intanet, ana iya farawa tun saura wata uku a tafi, sa'an nan mutum ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Amsa takan fito cikin mako uku. Abu uku suke so su tabbatar: abin da zai kai ku, wanda zai ɗauki nauyinku, da kuma cewa za ku komo gida. Ana hana wasu, kuma in an hana ba a mayar da kuɗin. Don haka shawararmu kada a biya kuɗin jirgi sai biza ta fito.

A nan muna so ku buɗe kunne. Akwai mutane masu zama kusa da ofisoshi suna cewa za su gyara muku takardu. Za su rubuta kuna da kuɗin da ba ku da shi a banki, ko aikin da ba ku yi. Ku guje su. In aka kama takardar ƙarya, ana iya hana mutum shiga Ingila har shekara 10, kuma ba za a ce mai gyara ne ya yi ba, gama sunanku ne a kai. Manomi ya ce shi manomi ne, tela ya ce shi tela ne, ɗa ya rubuto cewa shi zai ciyar. In wani ne ya cika muku takardar, ku sa ya karanta muku duka kafin a aika.

Akwai kuma katin nan rawaya na allurar shawara. Ingila ba ta nemansa, amma Masar da Saudiyya da Indiya da Afirka ta Kudu suna nema daga wanda ya fito Nijeriya. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har iyakar rai. Tun da jirgi yana iya biyawa da ku ta wata ƙasa, gara ku yi ta ku huta.

Kada a manta da inshorar lafiya ta matafiya. A Ingila ana duba wanda ya zo sashen gaggawa kyauta, amma in aka kwantar da baƙo a asibiti, biya zai yi, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya ɗebi abin da zai ishe shi, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, ya sa a jakar hannu. Dukan takardun nan a yi musu hoto biyu, ɗaya a bari gida, ɗaya a sa a wata jaka dabam.

Batun kaya

Tikiti zai faɗi yawan kayan da aka yarda muku. Galibi akwati bai wuce kilo 23, jakar hannu kuma wajen kilo 7, amma ku karanta naku, domin kamfani ya sha bamban da kamfani. Ku auna tun daga gida. Abin kunya ne a ga dattijo ya durƙusa tsakiyar fili yana zazzage akwati. Wuƙa da aska da almakashi a babban akwati suke tafiya. Turare da man shafawa, in a jakar hannu ne, a yawancin filaye kwalba ba ta wuce mililita 100. Batirin cajin waya shi kuma a jakar hannu yake, ba a sa shi a akwati.

Da muka zo batun tsaraba sai Baba ya ce ai ya riga ya ba da sautun kilishi na jikoki. Muka ce ya aika a fasa. Ingila ta hana shigo da nama da madara da abin da aka yi da su daga ƙasashe irin namu, domin tsoron cututtukan dabbobi. Kilishi, da dambun nama, da man shanu, duka ƙwacewa za a yi a lalata, wani lokaci har da tara. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce to ya kai musu hula da zannuwa. Wannan babu mai hana shi.

Amma babban abu a wannan darasi duka shi ne wannan. Kada ku karɓi saƙon kowa. Da an ji za ku tafi, mutane za su yi ta zuwa: ga ɗan ƙulli ka kai wa ƙanena, ga magani ki kai wa 'yata. A al'adarmu ƙin karɓar saƙo rashin kirki ne, mun sani. To, masu fataucin miyagun ƙwayoyi su ma sun san haka, kuma dattawa da mata da baƙin tafiya su suke nema, domin su ne ba a zargi. Abin da aka samu a jakarka naka ne a idon shari'a. In ɗan'uwa ne na jini ya matsa, a kwance saƙon a gabanka, ka ga kowane abu da idonka, ka shirya shi da hannunka. In ya ce ba a buɗewa, ka mayar masa da abinsa. A fili kuwa, in wani ya ce kayansa sun yi yawa, ku taimaka a auna da sunanku, ku ce a'a, ko da ya yi rantsuwa, ko da ya yi kuka.

Ba tatsuniya muke ba ku ba. A ƙarshen 2018 aka kama wata ɗaliba 'yar Kano a Saudiyya, domin an sami ƙwayoyi a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Bincike ya nuna jakar ba tata ba ce, wasu miyagu ne suka maƙala sunanta tun daga filin jirgi ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a 2019. Saboda haka sa'ad da aka auna kayanku, ku tsaya ku ga an liƙa wa kowane akwati lambarsa. Za a ba ku ɗan guntun takarda mai lamba na kowane akwati. Ku ƙidaya. In akwati biyu kuka kawo, lamba biyu za ku gani. In kun ga uku, ku ɗaga murya nan take. Ku adana guntayen nan har ku isa, domin da su ake neman akwati in ya ɓata.

Ranar tafiya

Agogon jirgi ba irin na gida ba ne. Ba a rubuta safe ko dare, ana ƙidaya awa 24 ne a jere. In lambar ta wuce 12, ku ɗebe 12. Watau 14:00 ƙarfe 2 ne na rana, 22:30 kuwa ƙarfe 10 da rabi na dare. Ga inda mutane ke faɗawa: in tikiti ya ce Talata 00:30, wannan ƙarfe 12 da rabi ne na daren Litinin wayewar Talata. Wanda ya bari sai Talata da dare ya zo, zai tarar jirginsa ya tashi tun jiya. Ku isa fili da sauran awa uku.

A fili matakai ne a jere, kowa kuma su yake bi. A duba fasfo, a auna kaya, a ba ku katin shiga jirgi. Ma'aikatan shige da fice su duba ku. Sa'an nan ku sa jakar hannu da waya da agogo a faranti su bi ta na'ura, ku kuma ku bi ta wata ƙofa. Ana iya cewa ku cire takalmi ko hula. Ba wulaƙanci ba ne, attajiri ma haka ake yi masa. Mace mace ce ke lalube ta.

A katin shiga jirgi abu uku za ku nema: lambar jirgi, da lambar ƙofa, da lambar kujera. Kalmar Turanci Gate ita ce ƙofa, Seat kuwa kujera. In an rubuta 32A, layi na 32 ke nan, kujerar A, wadda take jikin taga. Wanda ya iya karanta lamba da haruffa ya riga ya ci rabin filin jirgi. Sauran rabin kuwa, ku nuna katin ga duk wanda kuka gani da rigar aiki, zai nuna muku hanya da hannu, ba sai da Turanci ba. Wanda ƙafa ke damunsa a faɗa wa kamfani tun kwana biyu kafin tafiya. Za a tanadi keke da mai tura shi har bakin jirgi, can ma a tarye shi, ba a biyan ko kwabo. Mun shawarci Baba ya nema wa mai ɗakinsa wannan, domin mai turawar shi ne kuma jagora.

Mai tashi daga Kano sau da yawa sai ya sauya jirgi a wata ƙasa, kamar Alƙahira ko Adis Ababa. Ga baƙon tafiya jirgin da ke zuwa kai tsaye ya fi, ko da ya ɗan fi tsada. In kuwa ba makawa, a zaɓi tikiti ɗaya wanda ya haɗa jiragen biyu, a bar awa biyu ko uku tsakani, a kuma tambaya tun wajen awo ko akwatin zai wuce da kansa.

A cikin jirgi abinci da ruwa suna cikin kuɗin tikiti a yawancin dogayen tafiye-tafiye. Mai son abincin halal, ko mai ciwon sukari, a faɗa tun wajen sayen tikiti. Iskar jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu, saboda haka ku sha ruwa da yawa. Mun san wasu na ƙin sha don kada su nemi bayan gida. Kuskure ne. Akwai bayan gida gaba da baya, ana kulle shi daga ciki. In an danna maɓallin wankewa yana yin ƙara mai ƙarfi, kada ku razana. Bayan kowace awa biyu ku tashi ku ɗan taka, a zaune ma ku riƙa motsa ƙafa, domin dogon zama yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga tsofaffi.

Sauka da zama

A Landan za ku bi ayari har wurin ma'aikacin shige da fice. Zai tambaya me ya kawo ku, ina za ku sauka, yaushe za ku koma. Ku riƙe takarda mai adireshi da lambar wayar mai masaukinku, da tikitin komawa, a hannu, kada a dogara ga waya kaɗai, gama caji yana ƙarewa. In ba ku ji Turancin ba, ku ce Hausa kuke ji, ana neman tafinta. Kada ku ce i ga abin da ba ku gane ba. Bayan kun ɗauki akwati akwai ƙofa koriya ta wanda ba shi da abin bayyanawa, da ja ta mai shi. Mai ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai fam 10,000 tilas ya bayyana.

Ingila tana da sauƙi ta wajen lokaci. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu da namu ɗaya ne, sauran watanni suna bayanmu da awa guda. Masu zuwa Amurka ko Sin su ne barci ke rikice wa na 'yan kwanaki, domin birnin New York yana bayanmu da awa 5 ko 6, Sin kuwa tana gabanmu da awa 7. Abin da zai ba ku mamaki a Landan shi ne tsawon yini. A watan Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe 5 na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare. A Disamba kuwa sai wajen 8 take fitowa, kafin 4 na yamma ta faɗi. Don haka da kun isa ku nemi takardar lokutan salla ta garin, kada ku bi na gida. Masallatai suna nan da yawa, da mahautan halal, a unguwar Peckham kuma 'yan Nijeriya sun yi yawa har ana samun doya da manja a kasuwa. Buta kam ku tafi da taku.

Sanyi gaskiya ne. A Janairu ma'auni yakan tsaya wajen digiri 5, watau ya fi hunturun Kano nesa, ga yayyafi. A Yuli kuwa yakan kai 23 da rana. Baƙon fari ya zaɓi tsakanin Mayu da Satumba. Ko a lokacin a riƙe suwaita da safa da laima.

Abu ɗaya da muke ganin ya fi jirgi haɗari shi ne ƙetare titi. Motocin Ingila hagu suke bi, yadda namu suke bi kafin a sauya hannu a 1972. Ku fara duban dama, ku ƙetare inda aka yi domin masu ƙafa. Motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai kati, mai masauki zai samo muku. Da katin nan ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara tun 1863. Lambar neman agajin gaggawa 999 ce.

Tun da hutu aka je, a fita a ga gari, kada a ƙare wata guda a ɗaki ana kallon talabijin. Babban gidan tarihi na British Museum ba a biyan kuɗin shiga, a can ne kuma za ku ga kayan tagulla da sojan Ingila suka kwaso daga Benin a 1897, waɗanda har yanzu ake gardamar mayar da su. Ga kogin Thames, ga hasumiyar agogon Big Ben, ga fadar Buckingham inda dogarai ke sauya tsaro. Daga wannan birni ne sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957.

Ranar komowa kuwa ita ce ranar komowa. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma jawo zargi ga ɗan da ya gayyace shi.

Baba ya tafi a watan Yuli, shi da mai ɗakinsa, ya yi kwana 28. Da ya komo aji muka ce ya ba mu labarin jirgi. Ya ce ai ba shi da labarin jirgi, domin tun ana kan Sahara barci ya kwashe shi, sai da aka tashe shi cin abinci. Abin da ya gagare shi ita ce matakalar nan mai tafiya da kanta. Ya tsaya bakinta yana ɗaga ƙafa yana mayarwa, mutane na ratsa shi, har jikarsa 'yar shekara shida ta kama hannunsa ta ce ya taka tare da ita.

Tambayoyi

1. Tikiti ya ce jirgi zai tashi Alhamis 00:45. Wace rana za ku bar gida, da ƙarfe nawa za ku isa fili?

2. Kun kawo akwati biyu, an ba ku lamba uku. Me za ku yi?

3. Maƙwabci ya kawo ƙulli a rufe ya ce a kai wa ɗansa. Rubuta amsar da za ku ba shi.

4. Rubuta cikakken sunanka da manyan haruffa, da ranar haihuwarka da lambobi, yadda za ka so su fito a fasfo.